Takardar Da Za Ta Nuna Ni Na Haife Shi

Ƙofar Na'isa, cikin birni.

Habibu autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta, a sama ne ko a ƙasa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka lafiya, Ya dawo min da ku ku biyu. Na cusa ta a aljihun cikin jakarka ne don na san halinka, jirgi ba zai gama ɗagawa ba za ka fara laluben abin da za ka sa a baki. Labarin gida ba ni da shi, yau ka bar gidan, yadda ka bar shi haka yake.

Kada ka yi mamaki don na zauna rubuta maka wasiƙa alhali wata huɗu ke nan magana ɗaya muke kwana da ita muke tashi da ita. Akwai abin da na sha ɗaukowa in faɗa maka, amma da ka ɗago kai ka dube ni sai in ce ka ci abinci. Rubutun nawa na 'yar firamare ne, ga ido ya soma gajiya, inda ka ga na karkace ka yi haƙuri ka karanta a haka.

Ka san abin da ya fitar da kai. Yayanka yana kwance a asibitin tsibirin nan da ya tafi koyarwa shekara bakwai da suka wuce, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya daina magana. Likitoci sun ce ba za su sallame shi ya hau jirgi ba sai wani nasa ya je ya sa hannu ya riƙo shi. Ni ya kamata in je. Na nemi biza an hana ni, kai aka ba wa. Babanku ya rasu, Baffanku ya rasu, 'yan'uwanka mata kowacce da goyo a gidan mijinta. In aka juyo da kai daga filin jirgin mutanen nan, ba mu da wani da za mu tura, haka zai ci gaba da kwanciya yana kallon silin, ruwa zagaye da shi ta ko'ina. Shi ya sa zan faɗa maka duk inda na yi tuntuɓe, har da wanda na ɓoye maka.

Na fara da fasfo. Ranar da shugaban makarantarsu ya bugo waya kana fassara min, ban ma bari ka gama ba na tashi na buɗe babbar kwallata, na ciro fasfon da na yi Umra da shi, naɗe cikin ɗankwali, yana ta ƙamshin turaren wuta. Na miƙa maka na ce gobe a nemo min tikiti. Ka buɗe ka duba, ka ce, "Umma, ai wannan ya mutu tun bara waccan." Na ce ya mutu kamar yaya, littafi ne ko akuya? Ni a zatona fasfo kamar takardar gida ne, in ka mallaka shi ke nan har jikoki. Kullum ina fito da atamfofin kwallar nan in shanya su don kada su yi fumfuna, amma ban taɓa buɗe shafin farko na littafin nan na duba kwanan wata ba. Sabuntawar ta ci mana mako uku.

To kai naka sabo ne, amma ka riƙe wannan har tsufanka. Mutanen nan ba su yarda da fasfon da ya kusa ƙarewa ba, sai wanda ya rage masa wata shida ko fiye, kuma da fararen shafuka da za su buga hatimi. Kada ka sa shi a jakar da za a karɓa a kai cikin jirgi, a jikinka zai zauna, ko bayan gida za ka shiga ka shiga da shi. Kwafin da muka yi ka raba shi gida biyu, kada ka haɗa shi wuri ɗaya da littafin. Abin da ya fi damuna kuma, ranar da ka isa, bayan ka ga yayanka, ka sa a kai ka ɗakinsa ka nemo nasa fasfon da takardar zamansa ka duba kwanakinsu. Wata huɗu yana kwance, babu mai duba masa. In sun ƙare ka nemi ofishin ƙasarmu da ke kula da yankin a yi masa takardar komawa gida, tun a makon farko, kada ka bari sai likita ya ce ku tafi sannan ka fara zarya.

Na biyu shi ne ejan, kuma a nan kai ka hana ni na ƙi ji. Maƙwabciyarmu ce ta kai ni wurinsa, wani rabin shago a bayan kasuwa, ya manna hotunan jirage a bango. Ya shimfiɗa min darduma, ya aika aka sayo min ruwan sanyi, ya ce, "Hajiya, ke dai kawo fasfo ki koma gida ki kwanta. Mu nan biza ba ma nemanta, ita ke nemanmu. Mako ɗaya in Allah Ya yarda." Ka ce min, "Umma, mutumin nan bakinsa ya yi zaƙi da yawa." Na ce maka yaro ne kai, ba ka san mutane ba, mutumin da ke da tabon salla a goshi. Ya turo min takardu ya nuna min inda zan sa hannu, na sa a wuri huɗu ban tambaye shi ko kalma ɗaya ba, don kunyar kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Mako biyu muna jele, yau ya tafi Abuja, gobe wayarsa a kashe, har sai da ka je ka zauna masa a bakin shago ka ce ba za ka tashi ba sai da fasfo. Da ka karɓo, ka karanta min abin da ya cika a fom ɗin. Wai ni 'yar kasuwar zinariya ce, zan je hutun kwana goma a bakin teku, har da sunan otal mai wurin ninƙaya. Ni Rabi, da ciwon gwiwa, da ko kududdufin unguwa ban taɓa sa ƙafa a ciki ba! Ko asibiti bai ambata ba, wai in an ce jinya sun fi yin bincike. Kuma ya riga ya tura musu ta kwamfuta da sa hannuna a jiki, ba ta goguwa.

Habibu, duk takardar da aka miƙo maka, a filin jirgi ne ko a asibiti, ka karanta ta daga sama har ƙasa ko da layi ya taru a bayanka suna tsaki. Abin da ba ka gane ba ka tambaya. Wanda ya ce ya san gajeriyar hanya ka yi masa godiya ka wuce. Na fi jin tsoron wanda zai yi maka sallama da Hausa a filin jirgin da za ku sauya jirgi, don na san ka, da ka ji "ɗan'uwa, daga Kano?" zuciyarka za ta narke. Ku gaisa, amma kada ka riƙe masa ko leda, kada kuma ka bi shi waje. Bizarka ta tsibirin ce, ba ta wannan ƙasar ta tsakiya ba, in ka fita ƙofa ka jawo mana wani sabon bala'i. Ka nemi kujera kusa da ƙofar jirginka ka zauna. Kilishin da Gwaggonka ta sa maka kuma ni na cire shi, an ce mutanen tsibiri ba sa barin a shigar musu da nama, kada ka ce yara ne suka sace.

Na uku, ko yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Bayan mun sake cika fom da kanmu, aka ba ni ranar zuwa Abuja a ɗauki hotona da zanen yatsuna. Saura kwana biyu na kira mai ƙunshi. A tunanina daga Abuja sai jirgi, kuma ta yaya mace za ta yi tafiya irin wannan da hannu fari fat? Ban so in tsaya a kansa ya ga hannuna kamar na mai takaba, ya ɗauka na riga na fid da rai. Na ce ta cika lallen, ta cika, ya kama har ya yi baƙi a kan yatsu. Ka gan shi ka ce ya yi kyau, don kai ma ba ka sani ba.

Yarinyar da ke kan na'urar ta ɗora yatsana sau ɗaya, sau biyu, ta goge gilashin ta sake. Ta ce, "Mama, na'ura ba ta ganin hannunki." Na ce ga shi kuwa a gabanta. Ta ce in je in wanke. Na shiga bayi na dirje da sabulu, ka sayo lemon tsami na goga har fatar ta yi zafi, lalle ya ce yana nan. Ta ce sai ya fita in dawo, ta ba ni wata ranar, mako huɗu a gaba. A cikin makonnin nan huɗu ne ragowar maganar yayanka ta ɗauke. Kafin nan in an kara masa waya yakan iya cewa "lafiya lau" da "na gode", daga baya sai numfashi kawai. Ina zaune ina kallon yatsuna kullum ina jiran kwalliyata ta goge.

Kai ba ka ƙunshi, amma ka yi shekara kana gyaran waya, yatsunka duk gam ne da ƙunar dalma, kuma an ce can ma a bakin shiga sai sun sake ɗora su a na'ura. Ka wanke su sosai, ka shafa mai, kada ka taɓa gyaran komai a hanya ko wayar matuƙin jirgin ce ta lalace. Gemun nan da ka tara bayan an ɗauki hoton fasfo na so ka rage shi ka ƙi, to in sun tsaya suna kallonka suna kallon hoton kada ka ɓata rai. Katin allurar shawara yana cikin fasfo, na ɗaure su da roba. Na ji daɗi da ka tsaya aka yi maka allurar da gaske, duk da ka runtse ido kamar ɗan yaye, ba ka saya a bakin titi yadda abokinka ya ba ka shawara ba. Tikitin dawowa, da takardar gayyata, da adireshin shugaban makaranta da lambarsa, duk ka riƙe su a takarda. Waya tana mutuwa a daidai lokacin da ake nemanta.

Yanzu ga wanda na ɓoye maka. Ranar da na fito daga ganawa da jami'ar biza ka taso da sauri, na ce maka sun ce takardu ba su cika ba. Ba haka kawai ba ne. Amma sai na koma baya kafin ka gane.

Yayanka shi ne ɗana na fari. A ɗakin mahaifiyata na haife shi, ungozoma ce ta karɓe shi, babu asibiti babu takarda. Ka san al'adarmu a kan ɗan fari, kodayake ku 'yan yanzu kuna ɗaukar naku kuna cilla su sama a gaban kowa. Mu ba a haka muka tashi ba. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban surukai, in yana kuka a gaban mutane sai ka kau da kai har wani ya ce ba shi nono mana. Ni kuma na zarce kowa a wannan. Da aka yaye shi, Baffanku da matarsa Hajiyar Mazugal, da Allah bai ba su haihuwa ba, suka ce a ba su shi. Babanku ya dawo daga marina da hannunsa shuɗi ya faɗa min a tsaye, na ce to. Mata suka yi ta cewa Rabi akwai kara, Rabi akwai kawaici. Gaskiya zan faɗa maka, yabon ya yi min daɗi. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ci gaba da karɓar yabo.

Riƙon da suka yi masa ba ni da abin cewa, Allah Ya jiƙansu. Baffanku ne ya kai shi makaranta, da aka tambayi sunan uba ya ba da nasa. Haka ya bi shi firamare, ya bi shi sakandare. Da zai shiga jami'a aka nemi takardar haihuwa, Baffanku ya je kotu ya yi rantsuwa, wurin sunan uwa aka sa na Hajiyar Mazugal. Ta taka har gidan nan ta ce, "Rabi, ga abin da aka rubuta, in da damuwa a gyara." Ta ba ni dama da bakinta. Na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, ai ɗanki ne, ni ina ruwana." Daga wannan takardar aka yi katin ɗan ƙasa, daga katin aka yi fasfo. Babu takarda ɗaya a duniyar nan da ta haɗa sunana da nasa.

Akwai wata rana, yana ɗan shekara takwas, ba a ma haife ka ba. Ya zo na ɗaya a ajinsu. Daga makaranta bai wuce Mazugal ba, ya taho nan da ƙafa da kayan makaranta a jikinsa, ya ratsa tsakar gida da gudu, ya tsaya a gabana yana haki ya miƙo min katin sakamako ya ce, "Umma, duba." Kakarku tana zaune da wasu mata suna tsinkar zogale. Hannuna har ya motsa. Sai na ga idanunsu a kaina, na mayar da hannun cikin ƙwarya na ce, "Kai wa uwarka ta gani." Matan suka kwashe da dariya. Ya tsaya kaɗan, ya ninke katin biyu ya sa a aljihu, ya durƙusa ya gaida kakarku ya fita. Tun daga ranar bai sake shigo min da gudu ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Ko da ya tafi tsibirin, in ya bugo sai mu gaisa in ce ga ƙaninka, in miƙa maka. Ka sha yi min tsiya a kan haka, kana cewa Umma kamar ana cajin ta kuɗin magana.

To ga ni a ofishin jakadanci, lalle ya fita, na'ura ta ga hannuna. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, kai aka ce ka jira a waje. Jami'ar tana bayan gilashi, mace ce baƙa kamar mu, da tabarau, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. A gefena akwai tafinta, wani mutum mai furfura, Hausarsa ta Zazzau ce. Na tura mata takardar rantsuwar da muka yi a kotu da ta mai unguwa, masu shaidar ni na haife shi. Ta duba ta ce duk watan jiya aka yi su. Ta ce mene ne tsakanina da marar lafiyan. Na ji bakina ya ce, "Ɗan gidanmu ne." Tafinta ya ce, "Hajiya, ɗan gidanku ne ko ɗanki?" Na sunkuyar da kai na ce ni na haife shi.

Sai ta juyo da wata takarda ta manna ta a gilashi. Fom ne da ya cika da kansa lokacin da ya nemi izinin zama a can. Na gane rubutunsa, irin mai kwanciya gefe ɗin nan. Tafinta ya sa yatsa ya karanta min, wurin sunan uwa ya rubuta sunan Hajiyar Mazugal, a gaba ya sa marigayiya. Habibu, na san abin da takardunsa suka ce, amma ban taɓa ganin ya rubuta da hannunsa ba. Ta tambaye ni ranar haihuwarsa, na ce da damina ne, cikin azumi. Takarda ta ce ɗaya ga watan Janairu. Ta tambaye ni cinikin zinariya da otal mai wurin ninƙaya, na ce ejan ne ya rubuta. Ta ce amma sa hannun nawa ne? Na ce nawa ne.

Daga nan ta ajiye biro ta dube ni, ta yi tambaya ɗaya a hankali. Tafinta ya ce, "Ta ce ki faɗi cikakken sunan ɗan naki."

Shekara talatin da takwas ban taɓa furta shi ba. Ko wani yaro mai irin sunan na gani a unguwa sai in ce mai sunan Malam. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ka san abin da na yi? Murmushi na yi, na ja mayafi na rufe baki, irin yadda na saba yi a gaban surukai. Tafinta ya rage murya ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki faɗa. Nan ba gida ba ne. Ni ba ni da ikon faɗa miki." Na ce, "Ai yana jikin takardar." Ya juya ya fassara mata. Na ji ya ƙara da wani dogon bayani, na san al'adar yake gaya mata. Ta saurare shi har ya gama, ta gyaɗa kai, ta ce ba ta ce ƙarya nake ba, amma ita da takarda take aiki. Ta ce akwai gwajin jini in muna so, sai dai yana ɗaukar watanni. Ta buga hatimi ta turo min fasfona ta ƙarƙashin gilashi.

Ban ga laifinta ba. In wata ta zo min ta ce ga ɗanta, amma ba ta san ranar haihuwarsa ba, ta kasa faɗin sunansa, shi kuma ya rubuta cewa uwarsa ta mutu, ni ma ba zan ba ta ko allura ba. Ba ejan ne ya hana ni ganin ɗana ba, ba lalle ba ne. Ni ce, kuma tun yana cikin zanen goyo na fara.

Saboda haka ka saurare ni da kyau, don wannan shawarar ta fi kowacce yi min ɗaci. Takardar gayyatar da shugaban makaranta ya aiko maka ta ce kai ɗan ƙanin babansa ne, da ita aka ba ka biza. In jami'in shige da fice ya tambaye ka wurin wa ka zo, ka faɗi abin da ke jikin takardar. Ka ce a gidan baffanka ya tashi, sunan baffanka yake ɗauke da shi, kai ne namijin da ya rage a dangi. Duk wannan gaskiya ne, na tambayi Malam na masallacin unguwa ya ce babu ƙarya a ciki. Na san zafin kanka da son dogon bayani, za ka so ka ce uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Kada ka ce. Suna ganin sunayen iyaye sun bambanta za su kai ka wani ɗaki, kuma ba ka da abin da za ka nuna musu. Ni uwarku ce nake ce maka ka tsaya a gaban baƙo ka rage dangantakarka da yayanka, Allah Ya yafe min.

Kuma ka dube shi cikin ido. Mu muka koya maka sunkuyar da kai a gaban manya, na sha dungure maka kai a kan haka, to can in ka sunkuyar sai su ce kana ɓoye wani abu. Abin da ya tambaya shi za ka amsa, ka tsaya. In ya ce sunan marar lafiya, ka faɗe shi da ƙarfi, cikakke, kada ka ce Yaya. Ka duba kwanakin da ya buga maka kafin ka bar gaban kantarsa. In ka ga jinya za ta wuce su, ka je ka nemi ƙari tun da saura, kada ka kwana ko ɗaya a ƙasar mutane ba da izini ba. Takardar likita da ta ce zai iya hawa jirgi ita ma tana da kwanaki, kada ka karɓe ta sai kun tsayar da ranar tashi.

In ka shiga wurinsa, an ce yana ji, yana kuma gane mutane. Kada ka tsaya daga bakin ƙofa. Ka zauna a kan gadon ka riƙe hannun da ke motsi. Ka gaya masa na nema, ka gaya masa har Abuja na je sau biyu. Ka gaya masa katin nan da ya kawo min na so in karɓa. Ban san ko zai tuna ba, amma ina jin zai tuna. Sannan ka kira ni ka kara masa wayar a kunne, in ka ji na ce a ba ni Habibu kada ka karɓa, ka bar ta a kunnensa har sai na yi magana. In Allah Ya sa kun taso, nan za ka kawo shi, ɗakina, na riga na sa an fitar da keken ɗinki an sa gado. Mai son yin dariya ya zo ya yi.

In kuwa Allah Ya yi ikonSa kafin ku taso, kada ka wahalar da shi da kanka wajen neman dawo da gawa. Ka nemi Musulmin wurin, an ce akwai su da masallacinsu, ku yi masa sutura ka tsaya a kansa. Bayan nan za su ba ka wata takarda ka cika, ta ƙarshe da za a yi masa a duniya, kuma na san za a sami wurin sunan uwa a jiki. A wannan kaɗai kada ka bi abin da na ce maka a sama. Ka rubuta Rabi. In sun ce bai dace da sauran takardunsa ba, kada ka yi musu, ka karɓa yadda suka yi ta, ka juya bayanta ka rubuta da bironka, ka kawo min.

Allah Ya buɗe maka kowace ƙofa, Ya sanyaya zuciyar duk wanda za ka tsaya a gabansa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Allah Ya ba yayanka lafiya, Ya ara min rai in gan shi. Ka riƙe salla ko a kujerar jirgi ne. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa naka 'ya'yan su ji sunansu a bakinka tun daga na farin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarku,
kai da Mustafa.